Yara, Kyamara da Amanar Tarbiyya

Daga cikin abubuwan da zamani ya shigo mana da su har tsakar gida ba tare da sallama ba, babu wanda ya kai wayar hannu saurin samun gindin zama, domin ga ta a aljihun attajiri, ga ta a hannun mai tallan goro, ga ta kuma a ƙarƙashin matashin ɗalibin da iyayensa ke zaton ya yi barci; kuma tun daga ranar da aka sanya mata idon ɗaukar hoto, aka buɗe mata hanyar aika abin da ta ɗauka zuwa kowace kusurwa ta duniya, sai ya zamana yaron da jiya ba shi da ikon buɗe baki a gaban dattawan unguwarsu, yau yana iya shirya fim a bayan gidansu, mutanen Misira da na Amurka su kalla kafin gari ya waye. Cikin abubuwan da suka yawaita ta wannan hanya akwai finafinan da ɗalibai ke shiryawa da kansu, akwai kuma bidiyoyin karatun gida, wato waɗanda ake koyar da yara da su ba tare da sun taka ƙofar makaranta ba, da waɗanda iyaye ke ɗauka don su nuna wa duniya yadda suke karantar da 'ya'yansu a ɗaka.

Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan mas'ala, kamar yadda suka saba rabuwa a kan kowane baƙon abu. Wasu sun yi mata kuɗin goro, sun ce duk shashanci ne da ɓata tarbiyya, wasu kuma sun ruɗu da ita har suna faɗin cewa kwanan makaranta da malami ya ƙare. A ganina dukkan ɓangarorin nan sun yi gaggawa, domin malaman fiƙihu ba su kan yanke wa abu hukunci sai sun yi masa tafsili, sun rarrabe surorinsa, sun auna maslaharsa da mafsadarsa. In muka bi wannan tafarki za mu tarar surori uku ne a gabanmu: yaron da ke riƙe da kyamara yana shirya abu, da yaron da ke zaune gaban waya yana ɗaukar darasi, da yaron da aka auna wa kyamara ana nuna shi ga jama'a. Na farko ya cancanci a ƙarfafa masa gwiwa, na biyu yana bukatar malami a kusa da shi, na uku kuwa kariya yake bukata, ko da daga iyayensa ne.

Koyarwa da hoto mai motsi ta daɗe a ƙasar Hausa. Dattawanmu suna tune da majigi, motar da gwamnatin Turawa, daga baya kuma ta Jihar Arewa, ke aikawa gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna wa talakawa yadda ake noman auduga da gyaɗa, da tsabtar rijiya da rigakafin cututtuka, kuma fim ɗin Baban Larai yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, a 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, wanda masana ke ƙirgawa mafarin kasuwar finafinan Hausa ta bidiyo. Amma a duk waɗannan matakai, babu mai ɗaukar hoto sai hukuma ko mai jari, kuma tsakanin mai shiryawa da mai kallo akwai ƙofofi da masu tsaronsu, daga mai ba da kuɗi zuwa ɗan kasuwa, zuwa hukumar tace finafinai irin wadda Kano ta kafa a 2001. Abin da ya sake shi ne, tun da aka buɗe dandalin YouTube a 2005, wasu irinsa suka biyo baya, sai ƙofofin nan suka faɗi gaba ɗaya, alheri da sharri suka shigo ta hanya guda, tsaron da ke hannun hukuma ya dawo wuyan uba da uwa da malami.

Mu fara da sura ta farko, kuma ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, tun da yake a Kaduna abin ya faru. Wasu samari 'yan'uwa da abokan juna, galibinsu 'yan makaranta a lokacin, waɗanda suka sa wa kansu suna The Critics Company, sun soma shirya gajerun finafinai na ƙagaggen kimiyya wajen 2016, irin waɗanda ake ganin mutum yana harba wuta daga tafin hannunsa, ko wani jirgi yana shawagi bisa rufin kwano. Kayan aikinsu wayar hannu ce mai fasasshen gilashi, da koren ƙyallen da suka yi tari suka saya, da kwamfuta, da manhajar Blender wadda kyauta ake samunta; malaminsu kuma darussan da wasu bayin Allah suka ɗora a YouTube. Hikimar koren ƙyallen ita ce, ana tsayar da ɗan wasa a gabansa a ɗauke shi, sa'an nan a umarci kwamfuta ta cire duk inda launin kore yake, ta maye gurbinsa da hoton da aka ga dama, ko birni mai cin wuta ko sararin samaniya. Sai dai in ƙyallen ya yamutse, ko rana ta haske gefe ɗaya ta bar ɗaya cikin inuwa, ko ɗan wasan ya sa riga mai ratsin kore, to aiki ya ɓaci, sai a sake daga farko. Kowace daƙiƙa ta fim tana ɗauke da hotuna wajen 24, kowane ɗaya kuma sai kwamfuta ta lissafa haskensa da inuwarsa, har abin da za a kalla cikin minti guda ya ci sa'o'i masu yawa, ga kuma wutar lantarki irin tamu da ba ta shawara da kowa kafin ta tafi. A 2019 labarinsu ya bazu bayan kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nuna aikinsu, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ja ragamar wasu daga finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki na zamani. A cikin shekarar nan ne kuma kamfanin Netflix ya yi wa yaran Ikorodu Bois na Legas irin wannan kyauta, su da ke kwaikwayon manyan finafinai da baro da tarkacen gida.

Sunan da suka yi arziki ne da Allah ke ba wanda ya so, kuma a bayan kowane rukuni da duniya ta ji labarinsa akwai wasu da yawa da babu wanda ya san da zamansu, saboda haka kada mu shagala da sunan mu bar abin da ya fi shi, wato irin karatun da ke ƙunshe cikin aikin. Yaron da zai shirya fim na minti biyar tilas ya zauna ya rubuta labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, wannan kuwa shi ne insha'i. Tilas ya auna nisa da haske da kusurwa, wannan hisabi ne da handasa. Tilas ya ƙididdige abin da ke aljihunsa ya san abin da zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa. Tilas ya raba aiki tsakanin abokansa, ya saurari shawarar wanda ya girma da wanda ya girme shi. Sa'an nan, bayan duk wannan wahala, ya jure wa mai kallon da zai ce masa abin bai yi kyau ba, ya koma ya gyara. Makarantunmu da yawa sun mai da ilimi hadda domin jarrabawa, ɗalibi ya kwashe daga allo ya juye a takarda ya fita wayam, alhali kuwa abin da mutum ya sha wahala ya aikata da hannunsa shi ke zama a ƙirjinsa har tsufa.

Domin haka nake ganin bai kamata shugabannin makarantu su tsaya ga ƙwace waya da bulala kaɗai ba. Wasan kwaikwayo a makaranta al'ada ce da muka gada: Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa domin faɗakarwa, Malam Aminu Kano ma a zamanin malantarsa ya rubuta wasanni ya sa ɗalibai suka yi, kuma babu wanda ya ce sun fita daga da'irar ilimi. Fim ɗin ɗalibai ci gaban wannan ne da wani sabon alƙalami. Abin da ake bukata shi ne a karkatar da su daga kwaikwayon rawar Indiya da harbe-harben Amurka zuwa ga abin da ke gabansu wanda babu mai ɗaukarsa in ba su ba. Ga marinar Ƙofar Mata a Kano, ga masuntan Argungu, ga maginan Damagaram da Agadas masu tubali da makuba, ga maƙera da dukawa da masaƙa waɗanda 'ya'yansu suka bar sana'ar gado, ga tsofaffin mata masu tatsuniya da waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka sani. Ɗalibin da ya zauna gaban kakarsa ya ɗauki tatsuniya da muryarta, ya rubuta ta, ya tace, ya adana, ya yi wa harshensa hidimar da za a daɗe ana cin moriyarta. Sharuɗɗan kuwa sanannu ne: a yi shi da sanin malami, a nemi izinin duk wanda za a ɗauka, a kiyaye ladabi da sutura, kada a jefa rai cikin haɗari domin burge mai kallo, kada kuma ya cinye lokacin sauran darussa. 'Yan mata ma suna da babban rabo a ciki, ko a rubutun labari ko a riƙon kyamara ko a tacewa, ba lalle sai fuskarsu ta fito ba.

Sura ta biyu ita ce ta darasin da ake ɗauka a bidiyo domin mai karatu a gida. Mafi shaharar misali shi ne na Salman Khan, wani Ba'amurke da iyayensa suka fito daga Bangaladash da Indiya, wanda a 2004, yana aikin harkar kuɗi a Boston, ya soma koya wa wata 'yar'uwarsa da ke New Orleans lissafi daga nesa. Da sauran dangi suka nemi a sa su, lokaci ya yi masa kaɗan, sai a 2006 ya fara ɗaukar darussan yana ɗorawa a YouTube, ba a ganin fuskarsa, sai baƙin allo da rubutu da murya, kuma daga nan aka samu Khan Academy da ake karatu a cikinta kyauta. Fa'idar wannan hanya a fili take, domin yaron da kunya ke hana shi ɗaga hannu a aji ya ce bai gane ba, yana iya tsayar da bidiyo ya mai da shi baya sau goma, ba mai yi masa dariya, ba mai daka masa tsawa. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, har hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi sun zauna a gida, sai duniya ta koma ga irin waɗannan darussa ala tilas. A Amurka, inda karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50 tun 1993, hukumar ƙidayar ƙasar ta samu cewa gidajen da ke karantar da 'ya'yansu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a bazarar 2020 zuwa kashi 11.1 a kakar shekarar. Sai dai ko a can ƙasashen Turawa ba a haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, domin Jamus ta hana shi, Faransa kuma ta yi doka a 2021 cewa sai da izinin hukuma.

Mu kam karatun gida gadonmu ne, kuma wadda ta fi cancanta a ambata a nan ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864. Da ta ga matan ƙauyuka ba su da halin zuwa wurin malamai, sai ta tsara ilimi cikin waƙoƙi na Fulatanci da Hausa da Larabci masu sauƙin hadda, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato dattijan mata amintattu, ta ɗora musu malafa alamar izini, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa mata har cikin ɗakunansu. Bidiyon darasi na yau yana iya yin aikin da waƙar nan ta yi, ya shiga inda malami namiji ba ya shiga, ya kai ga matar aure da ke kulle, da yarinyar da aka cire daga makaranta, da ɗan makiyayi a ruga. Amma a lura da hikimar Nana: ba ta saki waƙa ta tafi ita kaɗai ba, ta haɗa ta da mutum mai rai wanda ta sani, ta karantar, ta yarda da amanarsa, wanda zai zauna da masu koyo ya ji daga bakinsu.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san dalilin haka. Almajiri yakan buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta jimla da Larabci, malam ya fassara, ya sake karantawa. In ya ɗaga wasalin da ya kamata ya karye, malam ba ya bari ya wuce, yakan ce masa, "Koma, Malam, ba haka take ba," har sai ta zauna daidai. A makarantar allo ma ba a ba yaro izinin wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya biya a gaban malam an ji ya riƙe. Wannan sauraro shi ne rabin karantarwa, kuma shi ne abin da bidiyo ba ya iyawa, domin yana magana ne kawai, ba ya jin kuskure balle ya gyara, ba ya ganin fuskar yaron da hankalinsa ya tafi wurin ƙwallo. Yaro yana iya kallon darasi ashirin ya yi zaton ya gane, alhali sabo kawai ya yi da muryar mai magana. Sa'an nan magabatanmu ba su karɓar ilimi sai sun tambayi isnadi, wa ya karantar da kai, wa ya ba ka ijaza, amma yau duk wanda ya mallaki waya yana iya naɗa rawani ko rataya farar riga ya koyar da tajwidi ko magani, kuma yawan mabiya ba hujja ba ne a kan ingancin ilimi. Wajibi ne a kan uba ya san wanda ke karantar da ɗansa ta waya, kamar yadda zai bincika malamin da zai kai shi wurinsa.

Akwai kuma wata gaskiya da bai kamata sha'awar abin da ake yi a Amurka ta rufe mana ido daga gare ta ba. Karatun gida na can ya dogara ne ga uwa ko uba mai ilimi wanda ke da sukunin zama da yara yini guda, ga wuta, ga laburare a unguwa. Mu kuwa Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, duk da cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Waɗannan yara ba zaɓi iyayensu suka yi ba, talauci ne da rashin aji da rashin tsaro suka zaunar da su, kuma gidan da ake tunanin abin da za a ɗora a murhu ba a maganar kuɗin data a cikinsa. Shi ya sa a lokacin korona jihohinmu suka koma ga rediyo da talabijin wajen ba da darussa. Kada wani mai mulki ya fake da cewa ilimi ya koma waya ya bar rufin aji yana yoyo. Hanyar da ta dace da halinmu ita ce a samu ƙwararrun malamai su shirya darussan lissafi da kimiyya da koyon karatu cikin Hausa tsantsa, gajeru marasa nauyi, a ba masu shagunan tura finafinai a waya da ke kowace kasuwa da tasha su riƙa zuba wa mutane a memori, sa'an nan a kowace unguwa a samu mai ilimi guda da yara za su riƙa zuwa suna biya masa abin da suka kalla.

Sura ta uku ita ce mai ban tsoro, kuma ita ce ta fi kama da alheri a ido. A Amurka da wasu ƙasashe an samu iyalai da suka mai da rayuwar gidansu abin kallo, kullum uwa tana ɗaukar 'ya'yanta suna karatu a teburin cin abinci, suna kuskure, suna kuka, ana yi musu horo, ana ɗorawa, kamfanoni suna biyan kuɗin talla gwargwadon yawan masu kallo. To, karatu na haƙiƙa abu ne mai tafiyar hawainiya, babu abin sha'awa a kallon yaro yana maimaita layi ɗaya har ya riƙe. Abin da ke jawo jama'a shi ne hawaye da abin dariya da abin mamaki, saboda haka sannu a hankali sai darasi ya koma wasan kwaikwayo, niyya ta gurɓata, riya ta kori ikhlasi, yaro ya tashi yana koyon yadda zai faranta wa kyamara maimakon yadda zai fahimci littafi. Mafi munin abin da aka gani shi ne na Ruby Franke ta jihar Utah, wadda tasharta ta nuna tarbiyyar 'ya'ya ta tara mabiya fiye da miliyan biyu, aka kama ta a 2023 bayan ɗanta ya tsere zuwa gidan maƙwabci a rame da raunuka, ta amsa laifin azabtar da yara, aka ɗaure ta a 2024. Ba adalci ba ne a shafa wa dukkan masu karatun gida wannan baƙin fenti, amma ya isa ya nuna cewa abin da kyamara ke nunawa daban, abin da ke faruwa bayan an kashe ta daban.

Turawan da kansu sun fara farga. Tun a 1939 jihar Kalifoniya ta yi doka saboda Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, wanda ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyar da ya tara. A 2019 hukumomin Amurka sun ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. A 2020 Faransa ta yi doka cewa a ajiye wa yaro kuɗin da aka samu da hotonsa, kuma yana da haƙƙin neman a goge bidiyon, a 2024 kuma dokar jihar Illinois mai kama da wannan ta fara aiki. Mu da shari'armu ta riga ta faɗa mana cewa yaro ba mukallafi ba ne, yardarsa ba ta ƙulla komai, waliyyinsa kuma ba ya tasarrufi a cikin al'amarinsa sai da abin da yake maslaha gare shi, mu ne ya fi kamata mu riga kowa kiyaye wannan haddi.

Amma ga shi abin ya fara yaɗuwa a tsakaninmu ta Facebook da TikTok da WhatsApp. Za ka ga malami ya tsayar da ɗalibin da ya kasa karanta sunansa a allo, ya ɗauke shi yana in-ina, 'yan aji suna dariya, ya watsa wai don ya nuna lalacewar ilimi. Za ka ga uwa ta ɗauki 'yarta tana kuka a kan aikin gida, dangi da baƙi suna ta raha. Wanda ya ɗauka zai manta bayan kwana biyu, intanet kuwa ba ta mantuwa, kuma yarinyar nan za ta girma, a zo neman aurenta, a yi binciken da aka saba, wani ya tono abin da aka yi mata tana 'yar shekara bakwai. Ban da wannan, a ƙasar da aka kwashe ɗalibai a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Kuriga a 2024, nuna fuskar yaro da kayan makarantarsa da bajonta da ƙofar gidansu ga wanda ba a sani ba ganganci ne da babu uzuri a kansa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai nuna yaro mai hazaƙa yana zaburar da sauran yara, ga shi ana nuna musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, a talabijin, ba wanda ya yi inkari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ƙiyasin bai cika ba. A musabaƙa yaro ya shirya, ya san ranar, ya zo cikin kamalarsa, ga alƙalai masana, kyautar kuma tasa ce, in an tashi ya koma gida inda ba mai kallonsa. Gida shi ne wurin da yaro ke da damar ya yi kuskure a rufa masa asiri, in kuwa kyamara ta bi shi har can, to ba shi da sauran mafaka. Babu laifi a ɗauki saukarsa ko ranar karɓar sakamakonsa a aika wa kakanni da gwaggwanni. Laifin yana ga mai da rayuwarsa ta kullum haja.

Saboda haka, ya ku iyaye da malamai, kafin a danna wurin aikawa a tambayi kai tambaya ɗaya: amfanin wannan abu ga yaron zai koma, ko ga mai riƙe da waya? In ɗanka ya nuna sha'awar shirya fim, ka zauna ka ga abin da yake yi, ka haɗa shi da wanda zai shiryar da shi. In darasi yake kallo, ka san mai koyarwar, ka sa ya biya maka ko ya biya wa wanda ya sani. Jami'o'inmu masu sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, da Cibiyar Koyar da Fim ta Jos, su buɗe wa 'yan sakandare ƙofa a lokutan hutu, su shirya musu gasa. Ma'aikatun ilimi kuma su hana kowane malami ɗaukar ɗalibi da watsa shi ba da izinin waliyyinsa ba, majalisu su yi dokar da za ta tsare wa yaro mutuncinsa da abin da aka samu da hotonsa. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta ranar da yawan mabiya ba zai amfani kowa ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana.